Kwat ɗin Baffa da Kashi na Uku

Kwanakin baya jikata ta ɗauke ni a motarta za ta kai ni ganin likita, hanya ta bi da mu ta unguwar Anbariyya a nan Madina, sai na ce ta rage gudu in nuna mata inda aka rene ni. Sau uku muna zagayawa ban gane wurin ba. Inda nake zaton nan ne ƙofar hoshinmu, wato babbar tsakar gidan nan da ɗakunan iyalai da yawa suka kewaye, yanzu wurin ajiye motocin wani otal ne, an malale shi da kwalta sumul. Yarinyar ta dube ni, ta tambaya da Larabcinta ko dai mantawa na yi. Ban manta ba. Da tsufa yana kawo mantuwa yadda ake faɗa, da na fi kowa godiya, domin akwai wani yammaci guda a hoshin nan da na fi shekara hamsin ina roƙon ya rabu da ni, ya ƙi.

A wancan zamani ba agogo ke gaya mana gari ya waye ba, kukan sandar Baffa ne. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni da Inna tun da mahaifina ya rasu a hanyar zuwa ƙasar nan, kuma sana'arsa ga-ruwa. Garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, tana ƙara duk takun da ya yi. Bayan ita sai turmin matan Cadi da ke ɗakin kusurwa, sai mai burodi ɗan Sudan yana kiran a zo a karɓa tun da zafi, sai tantabaru a kan katanga. Aikina kafin in tafi shagon kafinta inda nake koyon sana'a shi ne in wanke tuluna, in turara su, in jera a inuwa. Yanzu ina zaune a unguwar Jurf, a hawa na uku a gidan ɗana, ruwa yana shigowa ta bango ba ya yi wa kowa sallama, abin da nake ji da safe kuwa gurnanin na'urar sanyaya ɗaki ne. Ba ina cewa da ta fi yanzu ba ne. Kafaɗar Baffa ta dama ta yi kanta har ba ya jin tsinin allura a wurin, ba zan yi wa jikokina fatan haka ba. Amma a lokacin ka san wanda ya shayar da kai, shi ma ya san ka.

Abu biyu Baffa ya mallaka a duniya: kwat da labari. Kwat ɗin na ulu ne, baƙi, ya koɗe ya koma ruwan toka, mai maɓallan ƙarfe, ɗaya ya ɓata an maye shi da na roba ja. A gonakin audugar Sudan ya samo shi lokacin da suka yada zango neman guzuri, kuma ko ana sanyi ko ba a yi, in dai taro ne sai ya zura shi a kan jallabiya. Labarin kuwa na ƙetare kogi ne. Ba a suna, ba a ɗaurin aure, ba a zaman makoki, face Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya sau biyu, ya fara: yadda kwalekwale ya kife da su a wani kogi a ƙasar Cadi, yadda ya cafko jariri ya saka a masaki, ya ɗora masakin a ka, yana taka ƙasa da 'yan yatsun ƙafa. A nan sai ya kai gefen hannu maƙogwaro ya ce, "Ruwa ya kawo mini nan. Nan, wallahi!" Sannan ya waiwayo ya nuna ni da leɓe. "Ga shi nan, ku tambaye shi."

Ni ne jaririn. Matsalar ita ce kogin Baffa yana ƙara faɗi duk shekara. Wata shekara har kada ya shigo labarin, da shekara ta zagayo suka zama biyu. Mutane suka daina yarda, da ya fara sai ka ga ana zungurin juna. Na taɓa tambayar Inna tana tsintar shinkafa, ta ce, "Kadan nan dai ban gan su ba. Amma ruwan na gani, na ga hannuna babu kai, na gan ka a kansa." Ke nan na san gaskiya ne. Sanin bai hana ni jin kunya ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, Larabcina bai bambanta da na 'yan gari ba, ina goge riga ina fesa turare, ina so a ɗauke ni ɗan Madina tsantsa, ga tsoho kullum yana tuna wa jama'a cewa a cikin ƙwarya na iso. Abokai suka laƙa mini Ɗan Masaki. Duk ranar da ya ce a tambaye ni, sai in sunkuyar da kai kamar takalmina nake nema. Ban taɓa cewa ƙarya ne ba. Ban kuma taɓa buɗe baki na ce gaskiya ne ba.

Jikin shagonmu akwai wani tsohon tela mutumin tsibirin Jawa, can gabas mai nisa, kowa na kiran sa Ammu Jawi. Ya zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ya ƙi komawa. Ɗan ƙaramin mutum ne, tabarau ɗaure da zare, allura kullum a leɓe. Baffa ke kai masa ruwa, kuma a duk lungun shi kaɗai yake ajiye almakashi ya saurari labarin kogi har ƙarshe. Wata rana ya kira ni in kafa masa katakon jera yadi, da na ɗaga wani ƙunshi sai wani ɗan littafi ya faɗo, bai fi tafin hannu ba, takardunsa sun yi ja. Rubutun boko ne, amma ba Ingilishi ba. Ya karɓa, ya hure ƙurar, ya ce, "Harshen Holan ne, ya waladi, ɗana. Wasan kuwa na Jamusawa ne."

Daga ranar, in aiki ya yi sauƙi bayan la'asar, sai in zauna a bakin shagonsa yana ɗinki yana ba ni tarihi. Ya ce a ƙuruciyarsa, lokacin da mutanen Holan ke mulkin ƙasarsu, gari mai ɗan girma ba ya rasa ƙungiyar masu wasan kwaikwayo na sha'awa: akawuna, malaman makaranta, ma'aikatan gidan waya, mutanen da ke aikinsu duk mako, ranar hutu su hau dandali don jin daɗi kawai. Abin da suka fi so wasan ban dariya ne, kuma da yawa daga ciki daga Jamus aka kwaso su. Wani zai zauna ya juya wasan daga Jamusanci zuwa harshen Holan, a buga shi a irin waɗannan 'yan littattafai, ƙungiyoyi su yi ta nema tun daga ƙauyukan Holan har tsibiran Jawa. Kuma ba sa barin wasan yadda ya zo. Sunan garin Jamus ya koma sunan garinsu, abincin da ke kan tebur ya koma nasu, har mai kallo ya rantse maƙwabcinsa ne ya rubuta. Shi Ammu ɗinkin kayan wasa ne ya kai shi cikinsu. Da suka ga yana karanta harshen sai suka mai da shi mai raɗa, wato wanda ke zama a ɓoye a bakin dandali riƙe da littafi, in ɗan wasa ya manta maganarsa ya raɗa masa. Haka littafin ya zauna a hannunsa, ya biyo shi har Madina a cikin akwatin zare. Na ce, "Ammu, ashe wasan ma Takari ne irinmu. Ya baro gida, ya yada zango a hanya, ya canja harshe." Ya yi dariya har allurar ta faɗi.

Ni dama ina da 'yan abokai da muke kwaikwayo a zaman maza in ana biki, mu kwaikwayi mai gidan haya ko direban motar alhazai, a yi dariya a watse. Amma cikakken wasa mai farko da ƙarshe ba mu taɓa yi ba. Na yi ta naci har Ammu ya yarda. Shi zai karanta da harshen Holan ya faɗa mini da Larabci, ni kuma in rubuta da Hausar ajami a littafin makaranta. Wasan kashi uku ne. Labarin wani tsohon mai gadi ne a wani ƙaramin gari, wanda kullum yake cewa a ƙuruciyarsa ya fito da yaro daga gidan da ke cin wuta, ba wanda ya yarda, 'yan gari suna ta shirya masa tsokana iri-iri. Muka mai da garin lungunmu, giyar da ke ciki ta koma shayi, mai unguwa ya koma mai gidan haya. Mai burodi ɗan Sudan, wanda ya girme mu, shi Ammu ya zaɓa ya fito a tsohon.

Sharaɗi biyu ya kafa mini. Na farko ya faɗe shi yana nuna ni da almakashi. "Duk abin da ka ga dama ka canja. Amma rigar wanda za a yi wa dariya ni zan ɗinka ta, sabuwa, wadda ba a taɓa gani a jikin kowa ba. A ƙungiyarmu ba a aron rigar mai rai a sa wa wawan wasa. In ka yi haka ba wasa ka yi ba, mutum ka tsayar a tsakiyar kasuwa." Na biyu, ba zai karanta kashi na uku ba sai mun haddace biyun farko, domin haka shugabansu yake yi musu, ya ce wanda ya san ƙarshe ba ya yin farko da zuciya ɗaya. Na tambaye shi ni a wa zan fito, tunda duk an raba. Ya ce, "Naka yana kashi na uku. Isbir, yi haƙuri."

Haƙuri kuwa ba ni da shi. Azumi ya shigo, ɗinkin Sallah ya rufe Ammu har ba a ganin kansa a bayan yadi, rigar tsohon mai gadi tana nan an zana ta da alli ba a ko yanka ba. Ni kuma na riga na cika baki a lungu cewa washegarin Sallah za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Kuma, in faɗi gaskiya, ya tsaya mini a rai a ce ni na yi wahalar rubutu amma mai burodi ne za a tafa wa. Na je na ce wa Ammu za mu yi kashi biyun don nishaɗin Sallah, na uku ya biyo baya. Ya ce a'a. Na ce an riga an gayyaci mutane. Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ce mai raɗa ba ya barin 'yan wasansa su hau dandali su kaɗai, zai zo. Da ya tambayi riga, na ce tsohuwar jallabiyata za mu sa. Mai burodi kuwa na ce masa muryarsa ba ta kai ƙarshen hoshi, ya bar mini. Mutum ne mai sauƙin kai, ya ce, "Tayyib, ya fi mini."

Ranar, tun da hantsi Baffa yake ɗauko ruwa yana yayyafa wa ƙasar hoshi don ta yi sanyi. Garewaninsa muka kifa muka ɗora katakai, suka zama dandali. Yana aiki yana gaya wa duk wanda ya wuce, "Ɗana ne ya shirya. Wasan Turawa ne, ya mai da shi Hausa da kansa." Da aka yi la'asar maza suka cika tabarmi, mata suka hau soro suna leƙowa. Zafi ya yi yawa, shi ya sa Baffa ya bar kwat ɗinsa a ƙusa, ya zauna a sahun gaba da sabuwar jallabiyarsa. Na shiga ɗaki in canja kaya, na ga kwat ɗin a rataye. Da zan so in ce Shaiɗan ne ya zuga ni a take, amma ba haka ba ne. Kwana uku ina tunanin abin. Na riga na goge gobara daga maganata na sa kogi, ban gaya wa kowa ba.

Da na fito da kwat ɗin nan, na karkata kafaɗar dama yadda Baffa ke yi, ban ko buɗe baki ba hoshi ya ɗauka da dariya. Na dubi gefen dandali inda Ammu ke zaune a kan akwati. Ya dubi maɓallin nan ja, ya dube ni, ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai. Na ga haka, na ci gaba. Na yi gyaran murya sau biyu. Na kawo kwalekwale, na kawo masaki, kadana ni har bakwai ne. Da na kai hannu maƙogwaro na ce, "Ruwa ya kawo mini nan. Nan, wallahi!" wani dattijo ya faɗi a kan na kusa da shi yana riƙe ciki, mata a soro har da guɗa. Sauran 'yan wasa suka biyo ni, duk tsokanar da aka rubuta wa mai gadin Jamus aka sauke ta a kan ga-ruwan Anbariyya: aka ba shi shayi da gishiri, aka sa shi neman kada a cikin tulu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan sa'a ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. A karon farko ana dariya ina cikin masu yi, ba ni ake yi wa ba.

Baffa ma da farko ya yi dariya. Na gan shi. Ya waiga hagu da dama yana murmushi, kamar mai cewa ku ga ɗana. Sai ya lura ba dandali mutane ke kallo ba, shi suke kallo. Murmushin bai tafi ba, ya dai tsaya a fuskarsa kamar an manta shi a wurin. Bai tashi ba, ya zauna har ƙarshe. Kashi na biyu ya ƙare inda aka bar tsohon shi kaɗai a tsakiyar dandali kowa ya juya masa baya, kuma a nan muka tsaya, domin iyakar abin da muke da shi ke nan. Aka tafa, aka ɗaga ni sama. Da jama'a suka watse, na hango Baffa yana zare garewaninsa daga ƙarƙashin katakai, ɗaya ta lotse, yana buga ta da dutse don ta miƙe.

Na lallaɓa in mai da kwat ɗin ƙusa, sai na ji shi a bayana. Na tsaya ina jiran faɗa, har na shirya amsa. Ya karɓi kwat ɗin, ya kakkaɓe shi, ya ninke, ya miƙo mini. "Riƙe shi, ɗana. Ya fi karɓar ka." Muryarsa lafiya lau. Inna kuwa kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta dube ni ba. A rana ta huɗu ta ce, "Da ya sake ka a ruwan nan, ba wanda zai zarge shi. Kowa ta kansa yake yi."

Tun daga ranar Baffa bai sake ba da labarin kogi ba. A wurin suna ko ɗaurin aure sai ya zauna can baya, in an gama addu'a ya tashi. Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba, ya bi shi har wurin aiki. Yana tafe da garewani sai wani ya kai hannu wuya daga bakin shago ya ce, "Ya Hajji, yau ruwa ya kawo ina?" Sai ya wuce abinsa, sandar tana kuka. Mutumin da bai mallaki komai ba sai kwat da labari, na raba shi da duka biyun a yammaci ɗaya.

Bayan mako guda Ammu Jawi ya tare ni a bakin shago. Bai yi mini faɗa ba shi ma, da ma ya yi. Ya ce, "Wasan bai ƙare ba. Ka tara mutanen nan da suka yi dariya, su ɗin dai, a hoshin nan. Ka zaunar da Baffanka a gaba. Ni zan gama rigar, mai burodi ya koma tsohonsa, kai ka fito a naka." Na ce ya fara gaya mini abin da ke ciki. Ya ce, "La, a'a. Ranar da ka sa rana, ranar zan karanta." Na ce in sha Allah bayan aikin Hajji, yanzu aiki ya yi yawa. Bayan Hajji na ce sai sanyi ya wuce. Daga nan na fara zagayawa ta wani lungu don kada in bi ta ƙofarsa, har na bar maigidana na koma wani shagon kafinta a unguwar Sultana. Da farko girman kai ne, ana ce mini gwani, ba na so in tsaya gaban jama'a in warware abin da aka yaba mini. Daga baya kunya ce. Kullum ina cewa akwai lokaci.

Shekara biyu bayan haka aka ja famfo zuwa lungunmu, Baffa ya jingine sanda. Bai daɗe ba ya kwanta, ciwon ƙirji. Na yi jinyarsa, ban gaza ba ta wannan fanni: na ɗaga shi, na kwantar, na ba shi kunu a baki. Sau da yawa maganar tana zuwa mini har leɓe, sai in ce bari ya ji sauƙi. Ya rasu wata Alhamis da hantsi, muka kai shi makabartar Baƙi'a. Ba a yi wata uku ba Ammu ma 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Jidda, ido ya ƙi. Ya bar mini ƙunshi a hannun mai burodi. Littafin ne. Na buɗe wajen ƙarshe, inda kashi na uku yake, na ga ya bi shafi shafi da fensir, a gefen maganar wani mutum guda ya rubuta sunana da harafin Larabci. Wuri goma sha ɗaya, na ƙirga. Ɗaya doguwar magana ce, ta cinye rabin shafi.

Na naɗe littafin a cikin kwat ɗin, na sa a ƙasan akwati, na yi aure, na haihu, na aurar. Kada wani ya ce rashin mai karantawa ne. Madina ce, duk shekara alhazai suna zuwa daga ko'ina, da na so da na sami mai jin harshen Holan a harabar masallaci cikin yini ɗaya. Tsoro ne ya hana ni. Ba sai mutum ya yi zurfin ilimi ba kafin ya yi zaton inda irin wannan wasa zai dosa, ni kuwa na fi son zato a kan tabbas.

Da muka dawo daga Anbariyya ran nan, na kasa zama. Washegari da hantsi na ciro ƙunshin na kira jikata. Ta juya littafin tana yatsina fuska saboda warin asu, ta ce, "Ya Sidi, esh hada?" wato Kaka, mene ne wannan. Na ce wasa ne, kuma ba wanda zai iya karanta shi a gidan nan. Ta yi dariya, ta ɗauko wayarta ta haska shafin, nan take rubutun ya koma Larabci a kan gilashin. Abin da Ammu ya yi wata uku yana juya mini, yana lumshe ido yana neman kalma, wayar nan ta yi shi kafin shayina ya huce. Na ce ta nemi inda sunana yake ta karanta mini a hankali.

Wani baƙo ne, likita, ya iso garin daga birni. 'Yan gari sun taru suna yi wa tsohon mai gadi tsokana ta ƙarshe, sun ce ya kawo shaida ko ya bar garin. Baƙon ya ratsa taron, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tabon ƙuna, ya ce shi ne yaron. Ya ce shekara da shekaru yana neman mutumin nan. Ya ce in tsohon ya ƙara wa wutar tsawo a labarinsa, to yana da hakki, domin shi ya shiga cikinta, su ba su shiga ba. Sannan ya cire hularsa a gaban tsohon, ya ce ba zai mayar ba sai kowa ya cire tasa. Yarinyar tana karantawa tana tuntuɓe, domin fassarar wayar ba ta da daɗi. Ta ɗago ta ce, "Hilu, ya yi daɗi, ya Sidi. Kai ne ka yi likitan?" Na ce a'a, ban samu na yi ba.

Ashe tun ranar da littafin ya faɗo Ammu ya san abin da yake ɗinkawa. Ya so a yi dariya ga rigar da ba ta kowa ba, har kowa ya saki jiki, sannan Ɗan Masaki ya fito a gaban lungu duka ya ce shi ne yaron, kowa ya gane da kansa ba tare da an ambaci sunan Baffa ba. Kyauta ya shirya wa abokinsa ga-ruwa, ya damƙa ta a hannuna in kai.

Ranar Juma'ar da ta biyo na ce wa ɗana ya sauke ni a Harami, babban masallacin Madina, zan daɗe. Bayan la'asar, da aka buɗe ƙofar Baƙi'a, na shiga cikin masu ziyara, kwat ɗin a ninke a hannuna, mutane suna kallo na saboda zafin da ake yi. A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari. Duwatsu ne baƙaƙe a jere har iyakar gani, ban san wanne ne na Baffa ba, na dai san ɓangaren. Na tsaya ina tunanin ina zan sami mutanen da Ammu ya ce in tara, sai na tuna ni na raka yawancinsu nan da ƙafata: mai burodi, dattijon da ya faɗi yana riƙe ciki, matan soro, Inna. Su ɗin dai, a wuri ɗaya, Baffa a tsakiyarsu, kuma lokacin ma bayan la'asar ne.

Na yi musu sallama, na yi addu'ar da ake yi. Sannan na cire hulata. Babu mai raɗa, amma maganar ba ta da tsawo.

"Jama'a, Baffa ya ce ku tambaye ni. Gaskiya ne. Ni ne a cikin masakin."

Na tsaya da hula a hannu ina jira, har masu ziyara suka fara fita, ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce ya ji.